Ranar Ɓoye Gwaggo

Duk ranar da motar asibiti za ta shigo garinmu, aikin farko da ake yi a gidan Ciyaman shi ne ɓoye Gwaggo. Kafin a share ƙofar gida, kafin a jera bencuna a gindin bishiya, sai an fara ciccibar tsohuwar nan an kai ta inda idon ma'aikacin lafiya ba zai sauka a kanta ba. Ni ba labari aka ba ni ba. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, keken ɗinkina a jikinta yake, ga kuma wata ɓaraka da ruwan sama ya yi wadda ko ban so ba sai na gani.

Garinmu lungu ne na gaske. Kafin motar nan ta fara zuwa, wanda ciwo ya kayar sai dai a ɗora shi a amalanke a kama hanya, wani ya isa, wani a juyo da shi daga tsakiyar daji. To da aka ce ga asibiti nan zai riƙa tako mana da kansa duk wata, da gadonsa da ma'aunin jininsa da akwatin sanyi na allurai, wallahi har da masu kuka don murna.

Zuwan farko direba ya yi ta zagaye yana neman inuwa da shimfiɗaɗɗen wuri, bai samu ba sai a ƙofar maƙwabcina. A lokacin ba Ciyaman ake ce masa ba, Na-Gwaggo ne, don ƙanwar ubansa ce ta raine shi tun yana cikin tsumman goyo. Wata baƙuwa mai tabarau da ta biyo motar ta tambaye shi ko akwai marar lafiya a gidansa. Shi kuwa ganin idon jama'a a kansa, sai ya daki ƙirji.

"Ranki ya daɗe, gidana ba a ciwo. Ko mura ce sai dai ta leƙo ta wuce."

Baƙuwa ta yi dariya ta tafa masa. Aka tara iyalinsa aka ɗauki hoto, aka buga wani koren allo a ƙofarsa mai rubutun Gidan Koyi, aka ba shi hula da riga mai ƙyalli, aka ce shi ne shugaban kwamitin lafiya. Shi ke nan, mutum ya fi ƙarfinmu. Da rigar yake zuwa gona, da ita yake raba faɗan awaki.

Ciwon Gwaggo ma tsaftar Gidan Koyi ce ta jawo shi. Ana gobe mota za ta dawo, Ciyaman ya ce a kwashe tsofaffin kwanukan rufi da ke jingine a bayan ɗaki kada baƙi su gani. Matarsa ta ce jiri take ji, yara suka watse, Gwaggo ta ja ɗaya, gefensa mai tsatsa ya yanke ta a ƙwaurin hagu. Yankan bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Ta ɗaure da tsumma, da safe ta yafa mayafinta za ta shiga layi, ya tare ta a tsakar gida.

"Gwaggo, ina zuwa?"

"Wajen likitocin nan, su ɗan wanke min."

"Subhanallahi! A ƙofar gidana? A ƙarƙashin allon nan? So kike a ce Gidan Koyi ya fito da mai jini a ƙafa?"

"To ba don masu ciwo suka zo ba, ɗan nan?"

"Don masu ciwon wasu gidaje suka zo. Mu kallonmu ake yi a yi koyi. Ki bari ya ɗan warke tukuna, mota mai zuwa sai ki nuna musu."

Na ɗauke ƙafata daga kan keke don in tabbatar kunnena ya ji daidai. Wai ta bari ya warke sannan ta nuna wa likita! Gwaggo dai ba ta yi musu ba. Ya kama hannunta a hankali, kamar mai yi mata gata, ya kai ta ɗakin ajiya ya zaunar da ita a kan buhu, ya ja ƙofa ya sa sakata ta waje. Tana ciki tana jin ana kiran masu ciwo ɗaya bayan ɗaya har rana ta yi sanyi motar ta tashi.

Mota mai zuwa ta zo, ciwo bai ji umarnin Ciyaman ba. Ya buɗe baki ya kai faɗin tafin hannu, yana tsatsar da ruwa, ƙafar ta kumbura har takalmi ya daina shiga. Na ce a raina yau kam dole a fito da ita. Ashe ban san lissafin mutumin ba.

"Da a wancan watan ne da da sauƙi," in ji shi, yana gyara hula. "Yanzu idan suka gani cewa za su yi me ya sa ba a kawo ta tun tuni ba. Me zan ce musu? Ki yi haƙuri Gwaggo, ya ɗan ragu ya koma yadda yake, sai mu ce jiya kika yanke."

Wato da ciwon yana ƙarami ya yi kaɗan a nuna shi, da ya girma kuma ya yi yawa. Aka sake mayar da ita kan buhu.

Na leƙa ta ɓarakar na kira matarsa. Mace ce mai sanyin murya, irin wadda za ta taka ka ta ce maka sannu ba ta ɗaga ƙafar ba.

"Ke ba kya jin tsoron Allah? Asibiti a ƙofarku, tsohuwa na ruɓewa a ɗakin hatsi?"

"Ni dai, Tela, umarni aka ba ni. Kuma ai ba zuba mata ido aka yi ba, magani take sha kullum."

"Wane magani?"

Ta shiga ɗaki ta fito da wata 'yar leda ta nuna min. Ƙwayoyin ƙarin jini ne na masu ciki. Ita tana da juna biyu, kuma Ciyaman ya yanke hukunci cewa ciki ba ciwo ba ne, saboda haka an yarje mata shiga layi. Abin da aka ba ta shi take rabawa biyu, rabi ita rabi Gwaggo.

"Tsohuwar da ta yi jika da jikanya kike ɗura wa maganin masu ciki?"

"To ai duk daga motar ya fito. Maigida ya ce magani idan ya shiga jiki shi ke neman inda ciwo yake."

Na koma kan kekena na ɗinke wuyan rigar wani bawan Allah ruf, sai da na farke.

Da wari ya fara tsallako katanga, Ciyaman ya zauna ya yi tunani mai zurfi, ya fito da dabara. Akwai Mai Ruwa, wanda ke kawo mana ruwa a kura, mutum mai ɗingishi tun da muka san shi. Ba ɗan gidan ba ne, saboda haka ciwonsa ba zai taɓa koren allo ba. Aka kira shi tsakar gida aka zaunar da shi a gaban Gwaggo.

"Gwaggo, faɗa masa yadda kike ji, ya haddace. Shi zai je miki."

"Zugi yake min kamar ana sara," in ji ta. "Kuma ƙishirwa ba ta barina."

"Zugi kamar ana sara, ƙishirwa ba ta barina," in ji Mai Ruwa.

"Ka ƙara marairaicewa mana!" Ciyaman ya daka masa tsawa. "Haka ake ciwo a garinku? Sake!"

Suka yi ta maimaitawa har Mai Ruwa ya iya nishin Gwaggo fiye da ita kanta. Ranar mota ya shiga layi yana jan ƙafa. Sista, ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa da motar, mace ce mai kaifin ido, ba ta ɗaukar wasa. Ta saurari haddarsa, ta ce ya hau gado, ta juya tafin ƙafarsa ta matsa, ya kurma ihu na gaske. Ashe wata tsohuwar ƙaya ce ta yi shekaru a ciki ta tara ruwa. Ta tsaga ta cire, ta ɗaure, ta ce ya juya.

Da yamma Ciyaman ya miƙa masa hannu. "Ina maganin?"

"Allura aka yi min, Ciyaman."

"To kawo."

"A ɗuwawu fa aka yi."

Ciyaman ya kalle shi kamar wanda aka yi wa fashi. Can ya ce, "Maganin Gwaggo ne a jikinka, ka sani ko? Tashi ka je ka zauna kusa da ita. Ka matsa sosai."

Wallahi tallahi haka aka yi. Ƙato da gemunsa ya zauna a gefen tabarmar tsohuwa yana jiran magani ya tsallaka, ita kuma tana yi masa sannu da jiki. Daga nan duk zuwan mota sai an tura shi. Aka wanke masa kunne, aka cire masa haƙori, aka ba shi maganin tsutsar ciki. Mai Ruwa ya daina ɗingishi, ya yi ƙiba, ya yi ƙyalli, har ya fara zancen aure. Gwaggo kuma ta daina iya tsayuwa.

Raina ya kai maƙura. Wani zuwan na ajiye almakashi na shiga layi da kaina. Ciyaman yana tsaye yana nuna wa mutane inda za su zauna, ya hango ni, ya san ko ciwon kai ba na yi. Na ga ya yi wa matarsa inkiya da gira. Layin kuwa ga tsawo, mutane sun zo daga rugage da ƙauyukan kewaye, kowa da nasa. Da na isa gaban Sista ban tsaya gaisuwa ba.

"Sista, lafiyata ƙalau. Amma a cikin gidan nan akwai tsohuwa da ƙafarta ke ruɓewa, kulle ta suke yi duk ranar da kuka zo."

Ta cire safar hannu ta miƙe. "Mu je."

Muka shiga. Ɗakin ajiya a buɗe, an share shi fes, buhuna a jere. Ɗakin Gwaggo an yayyafa ruwa an kunna turare, tabarma a naɗe a jingine. Sai sawun amalanke da ya fita ta ƙofar baya. Tun ina tsakiyar layi aka yi gona da ita, aka ajiye ta a ƙarƙashin wata bishiya da butar ruwa.

"Gwaggo ta tafi ganin dangi," in ji Ciyaman, yana murmushi har kunne. "Da ƙafarta ta tafi, ko sanda ba ta riƙe ba. Sista, ki yi wa maƙwabciyata uzuri. Tun da mota ta zaɓi inuwata ta bar tata take fama da abin nan a zuci. Ko akwai ƙwayarsa a ba ta?"

Sista ta dube ni, ta dube shi. Na ga alamar ba ta gamsu ba, amma a waje wani yaro na suma a hannun uwarsa ana ƙwala mata kira. Ta juya da gudu.

Washegari Ciyaman ya tara magidanta a gindin bishiya ya ce musu su ja min kunne. Ya ce idan masu motar suka ji an yi abin kunya a garin nan, ɗauke ta za su yi su kai ƙauyen hayin rafi, kowa ya koma hawa amalanke. Babu wanda ya tambaye shi wa ya faɗa masa haka. Tsoro ya kama mutane, don kowa na da wanda motar ta taimaka masa. Mata suka riƙa zuwa suna karɓe yadinsu ba a ɗinka ba. Wata ma da na ɗinka wa kayan haihuwa kyauta ta tsaya a bakin ƙofata ta ce, "Ke dai ba ki son zaman lafiya."

Ranar da ba mota, ba mai hana ni shiga gidan, sai na riƙa zuwa ina wanke wa Gwaggo ciwon da ruwan ɗumi da gishiri, iyakar abin da na sani ke nan. Ƙafar ta yi baƙi daga idon sawu zuwa ƙasa, yatsun sun daina jin taɓi. Ƙudaje ba sa ɗaga mata ƙafa. Matar Ciyaman ta daina shiga ɗakin, wai warin na tayar mata da zuciya, sai ta turo kwanon abinci da sanda daga bakin ƙofa. Gwaggo ta rame har zoben hannunta ya riƙa zamewa. Ina wankewa ina kuka, ita ce ma ke ba ni haƙuri.

"Gwaggo, ki yarda in nemo amalanke in kai ki babban asibiti."

"Yaron nan ya ce daga can motar take fitowa, za su gane gidan."

"To su gane mana! Ƙafarki ce fa za ta tafi."

"Kada ki tona masa asiri, 'yata. Yaron nan tun tasowarsa ba a taɓa tafa masa ba. Maraya ne, kowa ya samu ya ranƙwashe shi. Yanzu da Allah ya ɗaga shi, ni ce zan kayar da shi?"

Na ce mata yaron nan furfura ta fara fito masa. Ta yi ɗan murmushi ta ce in miƙo mata ruwa.

Shi kuwa kullum da safe sai ya tsaya daga bakin ƙofa, ya toshe hanci da gefen hularsa.

"Gwaggo, ya ƙarfin jiki? Na ga kamar da sauƙi yau."

"Da sauƙi, ɗan nan."

"Alhamdulillahi. Kun ji ko? Da bakinta ta faɗa."

Sai ga saƙo cewa baƙuwa mai tabarau za ta dawo da manyan baƙi, su ga Gidan Koyi ciki da waje, har gonar maigidan. Aka yi wa katanga farar ƙasa, aka yi wa awaki wanka. Gona ba ta ɓoyuwa tunda za a je, ɗakuna duk za a shiga, amalanke kuma an tura ta ɗauko kujeru. Maƙwabta da suka ce in yi shiru, da aka nemi su karɓi Gwaggo na yini ɗaya kowa ya ce ɗakinsa ya yi kaɗan. Ƙarshe aka cusa ta a rumbu aka rufe.

Motar ta iso da sabon fenti. A jikinta an manna hoton nan da aka ɗauka tun zuwan farko, an faɗaɗa shi ya cika gefe guda. Ga Ciyaman da haƙora a waje, ga matarsa, ga yara, ga Gwaggo a tsakiya a kan kujera, kumatunta cike, ta jera ƙafafunta biyu cikin takalmi. Ciyaman ya tsaya a gaban hotonsa har sai da ya share ƙwalla.

Aka shiga da kowa gida, har Sista da likita da direba, aka taru a tsakar gida ana kallon yadda Ciyaman ke wanke hannu da sabulu. Ya wanke, aka tafa, ya sake wankewa. Sai baƙuwa ta nuna rumbu ta ce bayan wannan tana so ta ga yadda suke adana hatsi. Na ga kumfar hannunsa ta tsaya cak.

Ya ce a ba shi izini ya ɗauko tawul. Ya ja Mai Ruwa gefe, kusa da ɓarakar da nake tsaye, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Ɗauke Gwaggo ta baya, ka zagaya."

"In kai ta ina? Ko'ina da mutane."

Ciyaman ya waiga hagu ya waiga dama, zufa na keto masa. Sai idonsa ya yi haske.

"Cikin motar. Babu kowa a ciki, duk suna nan. Wa zai je neman marar lafiya a motar asibiti?"

Matarsa ta tsayar da baƙi da nunin yadda ake tace ruwan sha, Mai Ruwa kuma ya goya Gwaggo a baya da lafiyayyar ƙafarsa, ya zagaya ya kwantar da ita a kan gadon motar ya ja ƙofa. Tunda nake ban taɓa ganin dabarar Ciyaman da na goyi bayanta ba sai wannan. Na fito na tsaya a jikin motar, na ce a raina duk wanda zai fitar da ita sai ya bi ta kaina.

Ba a ma kai ga haka ba. Da aka gama zagaye aka yaba rumbu, baƙuwa ta ce a rufe taro da hoto ɗaya: Ciyaman ya kwanta a gadon mota likita na auna shi, don jama'a su ga ko mai lafiya yana zuwa a duba shi. Ciyaman ya ce ai rana ta yi. Ya ce bayansa ba ya son gado mai tsawo. Ya ce a yi hoton a ƙasa. Direba dai ya riga ya kama marfin ƙofa ya buɗe.

Warin ne ya fara fitowa. Manyan baƙi suka ja da baya suna laluben hankici. Gwaggo na kwance a miƙe, ta haɗa hannuwa a ƙirji, ta runtse ido, tana ƙoƙarin kada numfashinta ya yi ƙara kamar yadda aka saba mata.

Sista ta haura ciki ta kwance tsumman. Likita ya leƙa, ya ɗago, fuskarsa ta canja.

"Wace ce wannan? Ta wane gida ce?"

Gari guda a tsaye, ba wanda ya yi tari. Likita ya juya ga shugaban kwamiti. Ciyaman na tsaye daidai ƙarƙashin hoton, kansa a saitin gwiwar Gwaggon da ke jikin mota.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "ba mu san ta ba. Wataƙila daga hayin rafi take. Mutanen can ba su da tsafta."

"Ƙarya kake, Na-Gwaggo!" na faɗa da iyakar muryata. "Gwaggonka ce da ta goya ka! Ga ta nan a hoto a bayanka, ku duba!"

Kowa ya ɗaga kai ya dubi hoton, ya sauke ya dubi gadon. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan har yau. Ta hoton mai kumatu ce, mai haske, tana dariya. Ta gadon ƙashi ne da fata. Baƙuwa mai tabarau ta duba sau biyu ta girgiza kai, ta ce gaskiya ba su yi kama ba.

"Ita ce matar da na ba ku labari," in ji Ciyaman. "Ba ta da cikakken hankali."

Sista ba ta kula shi ba. Ta durƙusa ta riƙe hannun tsohuwar.

"Iya, buɗe idonki. Kin san mutumin nan?"

Gwaggo ta buɗe ido. Ta daɗe tana kallonsa, da hularsa da rigarsa mai ƙyalli, da sauran kumfar sabulu a gwiwar hannunsa. Shi kuma ya kafa idonsa a taya.

"Ban san shi ba, 'yata," in ji ta. "Ni baƙuwa ce. Wucewa nake yi, na ga gado na ɗan kwanta."

Sista ta dubi ƙafar da ta yi wata da watanni ba ta taka ƙasa ba, ta ciji leɓe. Likita ya ce babu lokacin shari'a, yanzu za a wuce da ita babban asibiti, amma dole wani nata ya bi ta. Ya tambaya sau ɗaya, ya sake tambaya. Matar Ciyaman ta sunkuya tana gyara wa yaro wando. Na cire tef ɗin awo daga wuyana na miƙa wa Mai Ruwa.

"Uwata ce," na ce. Na hau.

A asibiti suka ce tana da ciwon suga, shi ya hana yankan haɗewa. Likitan ya ce da an nuna musu tun yana sabo, wanki ne da ɗauri da 'yan ƙwayoyi, kuma duk suna cikin motar, a durowar da ke ƙarƙashin gadon da aka ɓoye ta. Yanzu kam idan ba a cire ƙafar ba, ranta za ta ɗauka. Aka cire daga saman gwiwa.

Sista ta kai ƙara, ta yi faɗa har muryarta ta dushe. Aka ce mata za a duba. Amma baƙi sun riga sun koma sun ba da labarin gida mai tsafta da kuma wata baƙuwar tsohuwa da Allah ya jefo aka ceci ranta, labarin ya yi wa kowa daɗi, kuma ba wanda zai sake fentin mota saboda ƙafa ɗaya. Allon na nan a ƙofa. Motar na nan tana zuwa, tana yi wa mutane aiki tsakani da Allah, ban taɓa ganin laifinta ba. An yi ɗawainiya an keto daji da rafi an kawo mana asibiti har bakin ƙofa, amma tsakanin bakin ƙofar da ɗakin tsohuwa akwai maigida, kuma babu direban da ya san hanyar zagaye shi. Ba jahilci ne ya ci ƙafar Gwaggo ba, ba nisa ba ne, ba rashi ba ne. Ɗan da ta raina ne ya auna ƙafarta da hularsa, ya ga hular ta fi nauyi, gari guda kuma ya taya shi riƙe ma'aunin.

Da ta farfaɗo, hannunta ya bi zanin gado yana lalube har ya kai inda babu komai.

"Sun cire?"

"Sun cire, Gwaggo."

"To." Ta janye hannunta. "Ba su dai gane yaron nan ba ko?"

Na juya ina gyara mata zanin gado, don da na buɗe baki ashar ne zai fito.

Ana kusa da sallamarta sai ga Mai Ruwa ya zo dubiya, tun daga garinmu a ƙasa, ko haki ba ya yi. Ya durƙusa ya gaishe ta, idonsa ya sauka a kan zanin da ya lotsa, ya kawar da kai. Ya yi ta murza hularsa kafin ya iya magana.

"Ciyaman ya ce a gaishe ki, Gwaggo. Ya ce ɗakinki na nan an share." Ya dube ni, ya dubi ƙasa. "Ya ce kuma don Allah idan za a dawo da ke, a duba kada ya faɗo ranar mota."

Na miƙe tsaye ina neman abin da zan jefa. Gwaggo ta kamo gefen zanina ta ja a hankali.

"Zauna, 'yata," in ji ta. "In Sista ta shigo ki tambayar mana ranar, kada mu yi masa kuskure."